Karnukan gwajin magani: Amurka da Turai na neman mafita, Afirka na jiran sakamako

A watan Mayun 2022 jami'an gwamnatin tarayyar Amurka suka shiga wata gonar kiwon karnuka da ke Cumberland a jihar Birjiniya, ɗauke da takardar izinin bincike daga kotu. Gonar mallakar kamfanin Envigo ce, wanda ke kiwon karnuka nau'in bigul yana sayar wa ɗakunan bincike da kamfanonin harhaɗa magunguna. Tun kafin wannan samame, masu sa ido na ma'aikatar noma ta ƙasar sun rubuta abin da suka gani a wurin: ƴan kwikwiyo sama da 300 sun mutu cikin watanni bakwai na 2021 ba tare da an binciki dalili ba, an hana wasu karnuka masu shayarwa abinci, an sami tsutsa da fumfuna a cikin abincin wasu, an kuma kashe wasu ba tare da an fara ba su maganin gusar da zafi ba.

A watan Yuli kotu ta amince a kwashe karnuka kusan 4,000 daga gonar, aka rarraba su ga gidajen da ke son riƙonsu. A watan Yunin 2024 kamfanin, wanda Inotiv ya saya, ya amsa laifin karya dokar kare dabbobi da ta tsaftar ruwa. An ɗora masa biyan sama da dala miliyan 35, wato fiye da miliyar 20 na kuɗin sefa, kuma ba a taɓa yanke irin wannan tara a ƙarƙashin dokar kare dabbobi ta Amurka ba.

Mai karatu a Garwa ko Maraɗi ko Njamena zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce da karnukansu. Sai dai kusan duk sabon maganin da ke isa kantunan magani na yankin ya bi ta jikin wata dabba kafin ya shiga jikin mutum. Yanzu da manyan hukumomin da suka shimfiɗa wannan ƙa'ida ke shirin sauya ta, abin da suka yanke zai iso har asibitocin da ba a tambayi ra'ayinsu ba.

Dalilin zaɓen bigul

Ƙa'idojin da hukumomin magunguna na Amurka, Turai da Japan suka daɗe suna bi sun tanadi a gwada sabon sinadari a jikin dabbobi iri biyu kafin a ba mutum. Ɗaya daga dangin ɓera, ɗaya kuma daga wajen dangin ɓera. A mafi yawan lokuta dabba ta biyun kare ce, wani lokaci biri ko ƙaramin alade.

An fi son bigul saboda ƙaramin jikinsa, sauƙin ciyar da shi da kuma halinsa. Kare ne mai son mutane, ba ya saurin cizo, yana barin a riƙe shi a ɗebi jininsa. Halin da ya sa iyalai ke son sa a gida shi ne ya sa ɗakunan gwaji ke son sa a keji. Bahaushe ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Yadda gwajin ke tafiya sananne ne. Ana raba karnukan rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni maganin a ma'auni daban, daga kaɗan zuwa mai yawan da zai nuna illa. Ana bayarwa ta ƙwaya, ta allura, ko ta bututun da ake zurawa har ciki. Gwajin kan ɗauki kwana 28, ko kwana 90, ko ya kai wata 9 idan maganin na dogon sha ne. Ana auna jini, fitsari da bugun zuciya. A ƙarshe akan kashe mafi yawansu, domin sai an buɗe hanta, ƙoda da sauran gaɓoɓi kafin a ga ɓarnar da ba ta fito fili ba.

A lissafi karnuka kaɗan ne cikin dabbobin gwaji. Faransa na amfani da dabbobi kusan miliyan 2 a shekara, mafi yawansu ɓeraye, karnuka kuma kimanin 4,000. A Amurka adadin karnukan ya haura 40,000 a shekara. Amma kare ne ke tayar da ƙura, saboda miliyoyin mutane a waɗannan ƙasashe na kwana ɗaki ɗaya da irinsa. Shi ya sa masu zanga-zanga ke yawan taruwa a ƙofar gonakin kiwon karnukan gwaji da ke Gannat da Mézilles a Faransa, kamar yadda wasu suka kafa sansani tun 2021 a gaban wata gonar da ke kusa da Huntingdon a Ingila.

Gawarwakin da suka haifi dokar

Tilasta gwaji a jikin dabba ya samo asali ne daga mutuwar mutane. A 1937 wani kamfani a jihar Tenesi ta Amurka ya fitar da maganin ruwa na sulfanilamid, ya narkar da shi cikin sinadarin diyetilin-gilikol ba tare da ya gwada shi ba. Mutum sama da 100 suka mutu, da yawansu yara, bayan ƙodarsu ta daina aiki. Da masana na jami'ar Chicago suka ba dabbobi wannan sinadari daga baya, cikin ɗan lokaci gubar ta bayyana. A 1938 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta wajabta tabbatar da cewa magani ba ya cutarwa kafin a sayar da shi.

Cikin waɗanda suka yi wancan binciken akwai Frances Kelsey, wadda daga baya, tana aiki a hukumar FDA, ta ƙi ba da izinin sayar da talidomid a Amurka. Wannan magani da aka riƙa ba mata masu ciki a ƙarshen shekarun 1950 ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa a ƙasashe da dama. Bayan wannan bala'i aka ƙara tsaurara dokar a 1962, aka kuma fara gwada magani a kan dabbobi masu ciki.

Masu kare gwajin suna da wasu hujjoji biyu da suka shafi yankin kai tsaye. Insulin da masu ciwon sukari ke rayuwa da shi, a jikin karnuka Frederick Banting da Charles Best suka tabbatar da aikinsa a Toronto a 1921, kafin a yi wa yaro na farko allurarsa a 1922. Rigakafin cizon mahaukacin kare ma haka: Louis Pasteur ya haɗa shi daga lakar zomaye, ya gwada a kan karnuka, sannan a watan Yulin 1885 ya yi wa Joseph Meister, yaro mai shekara 9.

Su ma masu adawa tarihinsu ya daɗe. Ingila ta yi dokar farko ta taƙaita gwaji a kan dabbobi tun 1876. A Amurka, satar wata karya mai suna Pepper a 1965, wadda ta ƙare a ɗakin gwajin wani asibiti a New York, da hotunan da mujallar Life ta buga na wuraren dillalan karnuka, su suka kai ga dokar kare dabbobi ta 1966. Ita ce dokar da aka hukunta Envigo da ita bayan shekara 58.

Tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa

Muhawarar tana da fuska biyu, kuma raba su na taimakawa. Ta farko ita ce ko ya halatta a wahalar da dabba don amfanin mutum. Ta biyu ita ce ko gwajin na bayar da amsar da ake nema.

A kan ta farko ra'ayoyi uku ne suka fi fitowa. Akwai masu cewa dabba na da haƙƙin da ba ya faɗuwa ko da mutum zai amfana, don haka a daina gaba ɗaya. Akwai masu auna wahalar dabba da amfanin da za a samu, su yarda idan amfanin ya rinjaya. Akwai kuma masu ganin cewa ran mutum na gaba, amma hakan bai ba kowa lasisin zalunci ba. Dokokin yau sun fi karkata ga ra'ayi na biyu da na uku, bisa ginshiƙai uku da wasu masana biyu na Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa a 1959: a maye gurbin dabba idan akwai wata hanya, a rage yawan dabbobin, a kuma gyara aikin yadda wahalar za ta ragu.

Dokar Tarayyar Turai ta 2010, wadda Faransa ta shigar cikin dokokinta a 2013, ta ginu a kan waɗannan ginshiƙai. Ta ce sai an sami izini kafin kowane gwaji, sai kwamitin ɗa'a ya auna cutarwa da amfani, kuma karen gwaji ya zama wanda aka haifa don haka, ba na titi ba. Ta ba kare mai nauyin da bai wuce kilo 20 ba fili na aƙalla murabba'in mita 4. Ƙa'idar Amurka ta fi ƙunci: a auna tsawon karen, a ƙara kimanin santimita 15, a yi keji mai wannan tsawo da faɗi. Tun 2013 kuma Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi, bisa hujjar cewa jan baki da man shafawa ba su kai a kashe rai a kansu ba.

Darasin Cumberland shi ne cewa doka a takarda ba ta ciyar da kare. Masu sa ido sun yi ta rubuta laifuffuka watanni da dama kafin a ɗauki mataki. Wannan ya shafi kimiyyar ma, domin karen da ke cikin yunwa, tsoro da ƙazanta ba zai ba da sakamakon da za a dogara da shi ba.

A kan tambaya ta biyu, alƙaluman da ake yawan ambata su ne cewa kusan kashi 90 cikin 100 na magungunan da suka tsallake gwajin dabba suka shiga gwajin mutane ba sa kai wa ga samun izini, galibi don ba sa aiki ko don suna da illa. A 2006 a Landan, samari shida sun kusa rasa ransu da wani magani da birai suka jure. A watan Janairun 2016 a birnin Rennes na Faransa, mutum ɗaya ya mutu, wasu kuma suka kwanta asibiti, a gwajin wani magani da aka riga aka ba ɓeraye, karnuka da birai.

Masu kare gwajin na amsawa da cewa wannan lissafi bai ƙirga sinadaran da dabbobi suka tare tun a ƙofa ba, waɗanda da sun isa jikin mutum da an yi asarar rayuka. Duka ɓangarorin na da gaskiya a wani gefe. Jikin kare na kama wasu guba, yana kuma barin wasu su wuce.

Abin da ya sauya tun 2022

A ranar 29 ga Disamban 2022 shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta cire wajabcin gwajin dabba daga dokar magunguna ta Amurka. Dokar ba ta hana gwajin ba. Ta dai ba kamfani damar kawo hujja ta wata hanya idan hukuma ta gamsu. A watan Afrilun 2025 hukumar FDA ta ƙara matsawa, ta fitar da tsarin rage gwajin dabba, za a fara da magungunan garkuwar jiki da ake haɗawa a ɗakin bincike, da burin cewa cikin shekara 3 zuwa 5 gwajin dabba ya zama abin da ake yi jefi-jefi. A Turai, bayan ƴan ƙasa sama da miliyan 1.2 sun sa hannu a wata takardar koke, hukumar zartarwar Tarayyar ta yi alkawari a 2023 cewa za ta tsara hanyar daina gwada sinadarai a kan dabbobi.

Hanyoyin da ake sa rai a kansu uku ne. Akwai ƴan ƙananan gaɓoɓi da ake rainawa daga ƙwayoyin halittar mutum. Akwai na'urori masu girman ɗan yatsa da ake shimfiɗa ƙwayoyin hanta ko huhu a ciki, ruwa na gudana ta cikinsu kamar jini. Akwai kuma lissafin kwamfuta da ke hasashen illar sinadari daga siffarsa. Wani bincike da kamfanin Emulate ya wallafa a 2022 ya nuna na'urarsa ta hanta ta gano kashi 87 cikin 100 na magungunan da aka san suna lalata hantar mutum duk da sun tsallake gwajin dabba.

Iyakar waɗannan hanyoyi ita ce kowace na kwaikwayon gaɓa ɗaya ko kaɗan. Yadda magani ke bi ta hanji, hanta, zuciya da ƙwaƙwalwa tsawon watanni, ko abin da yake yi wa ɗan tayi, har yanzu yana da wuyar kwaikwaya a faranti. Ga kuma matsalar kasuwa: kamfanin da ke son sayar da magani a ƙasashe 50 zai ci gaba da gwajin kare muddin hukuma ɗaya mai muhimmanci na neman sa. Don haka raguwar za ta zo a hankali, fanni bayan fanni.

Inda lamarin ya taɓa yankin

Abu na farko shi ne dogaro. Hukumomin magunguna na ƙasashen yankin ba sa maimaita gwajin guba daga tushe. Suna duba takardun da aka gabatar wa FDA, hukumar magunguna ta Turai ko Hukumar Lafiya ta Duniya OMS. Idan waɗannan takardu suka koma ɗauke da sakamakon na'ura da kwamfuta a madadin hantar kare, dole a sami ma'aikata a Yamai, Yawunde, Njamena, Akara da Abuja da za su iya karanta su su gane mai kyau da marar kyau. Hukumar magunguna ta Afirka, wadda yarjejeniyar kafa ta ta fara aiki a watan Nuwamban 2021 aka kuma ba Kigali mazauninta, wannan na cikin ayyukan da ke jiran ta.

Abu na biyu shi ne tsoron kada aikin da aka hana a can ya ƙaura zuwa inda doka ke da sako-sako. Mutanen yankin sun san wannan a jikin ƴaƴansu. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, yara 200 suka shiga gwajin, 11 suka mutu. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75, kuma rashin yardar da abin ya bari ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Duk wanda ya tuna Kano zai fahimci dalilin da ya sa ba a son a cire wani shinge kafin a tabbatar da ƙarfin wanda zai maye gurbinsa. Tun 2018 Tarayyar Turai ta rungumi wata ƙa'idar ɗa'a ga binciken da take ba kuɗi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wadda ta shafi dabbobi ma. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya OMSA, da ƙasashen yankin ke cikinta, ita ma tana da babi a kan amfani da dabbobi wajen bincike da koyarwa. Saura aiwatarwa a jami'o'i da makarantun likitan dabbobi.

Abu na uku ya nuna iyakar muhawarar kanta. Sinadarin da ya kashe Amurkawa a 1937 shi ne ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009 ta maganin haƙori na My Pikin. An sake samun sa a magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022, da kuma maganin Naturcold a Kamaru a 2023. Babu kare ko ɗaya da ake buƙata don hana waɗannan mace-mace. An san gubar shekara da shekaru. Abin da aka rasa shi ne ɗakin awon sinadarai da zai duba kwalbar kafin ta shiga kasuwa. Ga iyayen yankin, wannan gibi ya fi kusa da su fiye da duk wata gardama a Washington.

Karen gida da karen keji

A ƙasar Hausa kare na gadi ne da farauta, ba a cika shigar da shi ɗaki ba, kuma sunansa na cikin kalmomin zagi. Duk da haka, malamai kan kawo hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa. Ƙyamar yawun kare a fiƙihu bai taɓa zama izinin azabtar da shi ba. Wanda ya tashi da wannan tarbiyya ba ya buƙatar wani ya koya masa cewa hana karya mai shayarwa abinci zalunci ne.

Yankin yana da nasa batun kare, kuma ya fi na Birjiniya kisa. Hukumar OMS ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Hanyar da aka saba bi a garuruwa da yawa ita ce harbi ko zuba guba idan cizo ya yawaita, amma wasu karnukan kan cike gurbin cikin ɗan lokaci. Njamena ta gwada wata hanya a 2012 da 2013: aka yi wa karnukan birnin rigakafi kyauta, aka kai kusan kashi 70 cikin 100, kuma yaɗuwar cutar ta tsaya na wani lokaci kafin ta sake shigowa daga wajen gari. Rigakafin da ya yi wannan aiki jikan wanda Pasteur ya gwada a kan karnuka ne.

Nan gaba kaɗan ƙasashen yankin za su fara karɓar takardun magungunan da ba su bi ta jikin kare ba. Abin da zai tabbatar da ko hakan alheri ne a gare su shi ne kasafin da suka ware wa hukumomin magunguna, ɗakunan awo a tashoshin shigo da kaya, da kwamitocin ɗa'a a jami'o'i. OMS da abokan aikinta sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare, kusan lokaci guda da wa'adin da FDA ta ɗiba wa kanta.